Ɗan Jiha da Baƙo a Jami'ar Gwamnati: Misalin Kalifoniya



Maganar da aka taru a kanta yau ita ce ta rabon gurabe a jami'o'in da Gwamnati ta kafa, watau yadda za a daidaita tsakanin 'ya'yan jihar da ta gina jami'a da kuɗin harajinta, da 'ya'yan wasu wurare waɗanda su ma suke ƙwanƙwasa ƙofa. Inda wannan gardama ta fi zafi, aka kuma fi ajiye lissafinta a rubuce, shi ne ƙasar Amurka, musamman Jihar Kalifoniya. Saboda haka a can za a fi daɗewa, sa'an nan daga baya a waiwayo gida, domin akwai wurin da al'amarin ya taɓo Nijeriya.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, in an ɗebe makarantun horar da hafsoshin soja, kusan duk jami'o'in Gwamnati na Amurka mallakar jihohi ne. Gwamnatin Tarayya ta taimaka wajen kafa su, amma ba ita ke riƙe da su ba. A ranar 2 ga Yuli 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a kan Dokar Morrill, wadda ta ba kowace jiha eka 30,000 na fili a kan kowane wakili da take da shi a Majalisar Ƙasa, domin ta sayar ta kafa kwalejin koyar da noma da aikin injuna. (Filayen nan kuwa akasarinsu daga hannun mutanen ƙasar na asali aka ƙwace su, waɗanda Turawa suka tarar, abin da ya isa ya sa kowane Ba'amurke ya sassauta murya in yana maganar wane ne ɗan gida.) Daga nan sai ɗawainiyar ta koma kan baitulmalin jiha. Manomi da maƙeri da ɗan kasuwa suka riƙa biyan haraji shekara da shekaru, bisa fahimtar cewa ranar da 'ya'yansu suka isa shiga jami'a za su tarar da ƙofa a buɗe, da kuɗin makaranta mai sauƙi. Wanda ya zo daga wata jiha, iyayensa ba su zuba kome a wannan asusu ba, shi ya sa ake ɗora masa cikakken kuɗi.

To, wane ne ɗan jiha a wurinsu? Zama ne ke sa mutum ya zama ɗan jiha. Wanda ya tare a jiha, ya shekara guda, ya nuna alamun can ya ɗauka gidansa, kamar biyan haraji da rajistar zaɓe da lasisin tuƙi, ya shiga sahun 'yan gida, ko da kuwa bara ya sauka. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascin sharaɗin zaman shekara guda a wata shari'a ta Jihar Minesota a 1971. A 1973 kuma, a shari'ar Vlandis da Kline, ta rushe wata doka ta Jihar Konetikat wadda ta ce duk wanda ya nemi shiga jami'a daga waje baƙo ne har ya gama karatu, ba tare da an ba shi damar kawo hujjar cewa ya tare ba. Gaskiya ne a aikace ba abu ne mai sauƙi ba ga yaron da iyayensa ke ciyar da shi daga wata jiha, domin yawanci inda iyaye suke nan ake lissafa shi. Amma dai ƙofar tana nan. A riƙe wannan, za a komo kansa.

An kafa Jami'ar Kalifoniya a 1868, kuma yanzu tana da rassa goma, tara daga ciki suna ba da digirin farko. A 1960, zamanin shugabancin Clark Kerr, jihar ta yi wani babban tsari na ilmi mai zurfi wanda ya zama abin koyi a ƙasashe da dama. Tsarin ya yi wa talakawan jihar alkawari a fili: cikin yaran da suka gama sakandare, kashi ɗaya bisa takwas na sama suna da gurbi a Jami'ar Kalifoniya, kashi ɗaya bisa uku na sama suna da gurbi a kwalejojin jiha, saura kuma ga ƙananan kwalejojin shekara biyu a buɗe ga kowa. Ɗan jiha ba ya biyan kuɗin koyarwa, sai 'yan kuɗaɗen hidima. Wannan alkawari ya fara zaizayewa tun 1970, zamanin Gwamna Ronald Reagan, lokacin da aka soma ɗora wa 'yan jiha wani kuɗi da sunan kuɗin ilmi. Duk da haka har zuwa 2007 baƙi ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na masu neman digirin farko ba, ba kuwa wanda ya damu da su.

Sai ga karayar arzikin duniya ta 2008. Kuɗin shiga na jihar ya faɗi, Majalisar Dokoki ta zaftare wa jami'ar abin da ya kai kusan dala biliyan ɗaya cikin 'yan shekaru. Hanya ta farko da hukumar gudanarwar jami'ar ta bi ita ce ƙara wa 'yan jiha kuɗi: a watan Nuwamba 2009 aka ƙara kashi 32 cikin 100 a zama ɗaya, ɗalibai suka yi zanga-zanga har da mamaye gine-gine. Wannan hanya tana da iyaka, domin iyayen yaran nan su ne masu jefa ƙuri'a. Hanya ta biyu ba ta da hayaniya. Wajen 2008 hedkwatar jami'ar ta yarda kowane reshe ya riƙe ƙarin kuɗin da baƙinsa suka biya, maimakon a tara a asusu ɗaya a raba. Wannan ɗan canjin lissafi, wanda ba a yi masa gangami ba, shi ne ya juya akalar al'amarin duka. Daga ranar nan kowane shugaban reshe ya san cewa baƙo guda ya fi ɗan jiha guda kawo kuɗi nesa ba kusa ba. A shekarar 2021, alal misali, ɗan jiha yana biyan dala dubu 12 da ɗoriya a shekara, baƙo kuwa yana biyan wannan, ya kuma ƙara kusan dala dubu 30 a kai. Ba sai an umarci kowa da kome ba. Ruwa ya ga gangare.

A watan Maris 2016 Babbar Mai Binciken Kuɗi ta jihar, Elaine Howle, ta fitar da rahoto wanda ya girgiza jami'ar. Rahoton ya nuna cewa tsakanin zangon karatu na 2010/11 da na 2014/15 yawan baƙi ya ƙaru da kashi 82 cikin 100, alhali na 'yan jiha ya ragu da kashi 1. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne batun ma'auni. Tun 1986 ƙa'idar ita ce baƙo ba ya samun gurbi sai sakamakonsa ya yi daidai da na rabin sama na 'yan jihar da aka ɗauka. A 2011 aka sassauta, aka ce ya isa in sakamakonsa bai gaza nasu ba in an gwada, lafazin da kowa zai iya ja ta inda ya ga dama. Rahoton ya ce cikin shekaru uku bayan haka an ɗauki baƙi kusan 16,000 waɗanda makinsu bai kai matsakaicin na 'yan jihar da aka ɗauka a reshe ɗaya da su ba. Shi kuwa ɗan jihar da ya cika sharaɗi amma bai sami Berkeley ko Los Angeles ba, sai a miƙa masa gurbi a Merced, sabon reshen da aka buɗe a 2005 a tsakiyar ƙasar noma, wanda bai nema ba. A takarda an cika alkawarin 1960. A zahiri kaɗan ƙwarai ke karɓar wannan tayi.

Jami'ar, ƙarƙashin shugabancin Janet Napolitano, ta ce ba a yi mata adalci ba, kuma hujjarta ba ta wasa ba ce, ya kamata a saurare ta da kyau. Ta ce duk ɗan jihar da Gwamnati ta ba da kuɗin karatunsa an ɗauke shi, har ma an ɗauki fiye da haka. Ta ce ƙarin kuɗin baƙi, wanda ya haura dala miliyan 700 a zangon 2014/15 kaɗai, shi ne ya biya albashin malamai, ya buɗe azuzuwan da da an rufe, ya tallafa wa 'ya'yan talakawan jihar. A lissafinta baƙo bai ƙwace kujerar kowa ba, kujerarsa ya saya, ya kuma biya wa na kusa da shi wani ɓangare na tasa. Kore shi ba zai haifar da gurbi ga ɗan jiha ba, sai dai ya rage abin da ake koyar da ɗan jihar da shi.

Wane ne mai gaskiya a cikinsu? Duka biyun, amma kowa a fagensa. In an dubi jami'ar dunƙule, maganar hukuma ta tsaya: kuɗin baƙi ne ya toshe ramin da Majalisa ta haƙa. In kuwa an dubi reshe ɗaya mai farin jini, maganar Mai Bincike ce ta tsaya, domin ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin kwana ba sa miƙewa kamar roba. An ga haka ƙarara a 2022, bayan da maƙwabtan reshen Berkeley suka kai ƙara saboda cunkoson gidaje, kotu ta hana ƙara yawan ɗalibai, har sai da Majalisar Dokoki ta yi dokar gaggawa a watan Maris na shekarar kafin a ceci gurabe dubbai. A wurin da kujeru ke da adadi, duk wadda aka ba wani an hana wani. Binciken da Ozan Jaquette da abokan aikinsa suka yi a kan jami'o'in jihohi ya nuna haka nan: a yawancin jami'o'i baƙo ba ya ture kowa, amma a manyan nan da kowa ke rububi yana turewa, kuma inda rabon baƙi ya hau, rabon 'ya'yan marasa ƙarfi yakan sauka. Dalilin a bayyane yake. Wanda zai iya biyan dala dubu 40 da wani abu a shekara, ban da abinci da makwanci, ba ɗan leburan gona ba ne.

Abin lura shi ne yadda aka warware rikicin, domin a nan ne darasin yake ga ma'aikacin Gwamnati. Majalisa ta fara da tayi: a 2015 ta ware dala miliyan 25 bisa sharaɗin a ƙara 'yan jiha 5,000, watau dala 5,000 a kan kowane yaro, abin da jami'ar ta ce bai wuce rabin kuɗin koyar da shi ba. A shekara mai bi ta riƙe dala miliyan 18.5 ta ce ba za ta saki ba sai an ƙayyade yawan baƙi. A watan Mayu 2017 hukumar gudanarwa ta sa iyakar kashi 18 cikin 100 a rassa biyar, amma ta bar Berkeley da Los Angeles da San Diego da Irvine a kan matsayin da suka riga suka kai, alhali su ne tushen kukan, domin a Berkeley baƙi sun kusa kashi ɗaya cikin huɗu. Watau an ɗaure akuyar da ba ta yi ɓarna ba. Sai a kasafin kuɗin 2021 aka fuskanci gaskiya: jihar ta tsara a sauko da Berkeley da Los Angeles da San Diego zuwa kashi 18 cikin shekaru biyar, a riƙa musanya baƙi kimanin 900 da 'yan jiha kowace shekara, ita kuma ta biya jami'ar kuɗin da za ta yi asara. Kason farko ya kama dala miliyan 31, watau fiye da dala 30,000 a kan kowane gurbi. Jihar ta sayi kujerun da a da take ganin nata ne, a kan farashin da baƙo ya sa musu.

Akwai jihar da ta bi wata hanya tun da wuri. Karolina ta Arewa ta sa iyakar kashi 18 a kan sababbin ɗalibai baƙi tun 1986, ta kuma haɗa da hukunci: reshen da ya tsallake iyaka shekara biyu a jere ana yanke masa kuɗi. A 2016 an ci babban reshenta na Chapel Hill tarar kimanin dala miliyan ɗaya a kan haka. Dokar ta yi aiki ne saboda jihar tana cikin masu riƙe jami'o'insu da kyau, ba ta bar su da yunwa ba sa'an nan ta hana su kiwo. Duk da haka ita ma ta gane cewa riga ɗaya ba ta yi wa kowa daidai. A 2021 ta ɗaga iyakar zuwa kashi 25 ga jami'o'inta biyar da aka kafa tun asali domin baƙaƙen fata, daga baya ta kai ta Elizabeth City, wadda ke dab da iyakar Jihar Bajiniya, har kashi 50, saboda can kujeru ne ke neman masu zama. A ɗaya gefen kuma ga Jami'ar Alabama, wadda ta buɗe ƙofa gaba ɗaya, ta baza wakilai cikin ƙasa suna farautar ɗalibai, har baƙi suka fi 'yan jiha yawa. Ta yi gine-gine, ta yi suna, amma tambayar ko jami'ar wa ce tana nan.

Kada a ɗauka amfanin baƙo kuɗinsa ne kawai. Jami'ar da ba ta ganin kowa sai 'yan unguwa ta zama babbar sakandare. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a sha'anin jami'a sau da yawa raɓar nan ba ta tashi da hantsi: yaro ya zo karatu, ya sami aiki, ya yi aure, ya zama mai biyan haraji na shekara arba'in. Kalifoniya ta fi kowa sanin haka, domin masana'antun kwamfuta da suka azurta ta cike suke da waɗanda karatu ya kawo. Abin da ake ƙi shi ne a zaɓi baƙo saboda aljihunsa. Kuma akwai wani abin ban dariya a cikin cinikin. Yaron Kalifoniya da ya rasa gurbi a gida, in iyayensa na da hali, sai ya tafi Oregon ko Arizona ya zama baƙo, ya biya ninki biyu ko uku, ya zauna a kujerar da wani ɗan can yake hange. Jihohi suna musayar 'ya'yan masu hali a tsakaninsu, kowace tana murna ta sami riba, iyaye duka sun biya fiye da da, wanda ba shi da kuɗin mota kuwa yana nan inda aka bar shi. Dogaro da kuɗin baƙi yana da nasa haɗari kuma, musamman baƙin ƙasashen waje, waɗanda rigimar siyasa ko annoba ke iya tsarewa dare ɗaya. Har ta kai a 2017 sassan kasuwanci da injiniya na Jami'ar Illinois suka yanki inshorar dala miliyan 60 domin tsoron raguwar ɗalibai daga ƙasar Sin. Makarantar Gwamnati ke nan tana inshorar abokan ciniki kamar mai jirgin ruwa.

Yanzu a waiwayo Nijeriya. A nan siffar matsalar ta bambanta, domin manyan jami'o'in na Gwamnatin Tarayya ne. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ta koma hannun Tarayya a 1975 tare da sauran jami'o'in yankuna, aka kuma kafa hukumar JAMB a 1978 domin a haɗa ɗaukar ɗalibai wuri ɗaya. Ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilmin zamani, akasarinsu na Arewa, har da wasu na Kudu kamar Ebonyi da Bayelsa. Tun da jami'ar Tarayya ba ta bambanta kuɗin makaranta bisa jihar ɗalibi, ba ta da kwaɗayin da ya ja Berkeley. Inda kamannin yake shi ne jami'o'in jihohi, waɗanda Tsarin Mulkin 1979 ya buɗe wa hanya, Jihar Ribas tana cikin waɗanda suka fara a 1980. Da yawa daga cikinsu suna da farashi biyu, na ɗan jiha da na wanda ba ɗan jiha ba. Duk ranar da gwamna ya rage abin da yake ba jami'arsa, ya ce ta nemi kuɗin shiga da kanta, to ya ɗora ta a kan hanyar da Kalifoniya ta bi a 2008, ko ya sani ko bai sani ba. Kwamishinan da ke son a fifita 'ya'yan jiharsa sai ya fara duba abin da ya sa a kasafi a kan kowane ɗalibi kafin ya aika wa shugaban jami'a takardar umarni.

Amma babban bambanci yana wurin da aka ce a riƙe ɗazu. A Amurka zama ke sa mutum ya zama ɗan jiha, a Nijeriya kuwa asali ne. Sashe na 318 na Tsarin Mulkin 1999 ya fassara zama ɗan wata jiha da cewa ɗaya daga iyayen mutum ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma ta asalin jihar, kuma abin da ofishin rajista ke tambaya shi ne takardar shaida daga ƙaramar hukuma. Saboda haka yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ubansa ya shekara talatin yana biyan kuɗin rumfa da haraji a Kano, yana iya samun kansa a layin baƙi. Haka ma Bahaushen da aka haifi kakansa a Sabo ta Ibadan. Hujjar da ta halatta farashi biyu tun farko, watau cewa iyayen wannan sun zuba a asusu, na wancan ba su zuba ba, ta juye a nan: ana iya ɗora kuɗin baƙo a kan wanda iyayensa suka zuba, a sauƙaƙa wa wanda bai taɓa kwana bakwai a jihar ba. Sashe na 15 na Tsarin Mulkin ya ɗora wa Gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken haƙƙin zama a ko'ina cikin Tarayya, sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiki da shi. Abin da ya rage ke nan a hannun majalisun dokoki na jihohi da hukumomin gudanarwar jami'o'insu, waɗanda ba abin da ya hana su rubuta a dokar kuɗin makaranta cewa shaidar zama da biyan haraji na wasu shekaru tana daidai da takardar ƙaramar hukuma.